Tagogi Shida da Suka Ɓace a Takarda

Litinin, 19 ga Agusta, 2024

Oga Justice ya yanke magana yau: babu sauran zanen hannu a ofishinsa. Ya ce duk wanda ya kawo aiki yanzu, tambayarsa ta farko ita ce ko za a tura masa a waya, shi kuwa fensir ba ya shiga waya. Shekara talatin da ɗaya ina tsaye a kan allon zane. An ɗauke allon an jingine a baranda, an ajiye mini tsohuwar kwamfuta mai ƙugi kamar injin niƙa.

Haula aka ce ta riƙa nuna mini. Shekara uku kenan da ta gama karatun zanen gini, sa'ar 'yata ta biyu ce. Ba ta da laifi. Tana da ladabi, Baba take ce mini. Amma dai.

Alhamis, 22 ga Agusta

Linzamin kwamfutar nan ba ya jin maganata. In na nufi gabas sai ya yi arewa. Haula ta ce in sassauta hannu, ba garma ba ce. Na yi kamar ban ji ba. Da ta tashi salla na sassauta. Ya yi.

Litinin, 26 ga Agusta

Wata mata ta zo daga Mugulbu, Adda Ruth, shugabar ƙungiyar mata manoma ta can. Doguwa ce, muryarta ta cika ofis. Su arba'in da wani abu ne, Musulmi da Kirista, suna son gina sito na wake da masara. Bara ɗaki suka ara a gidan wani, zafi da danshi suka haɗu, ƙwari suka cinye fiye da rabin waken kafin azumi. Tana ba da labarin tana murza hannu kamar har yanzu garin waken na manne a tafinta.

Ta ce, "Abu ɗaya nake so, Injiniya. Ɗakin ya sha iska."

Na ce mata ni ba injiniya ba ne, mai zane ne. Ta ce duk ɗaya ne a wurinta.

Oga Justice ya ba ni aikin. Ya ce ɗaki ɗaya ne dogo, in koya da shi. Na tsara shi a kaina tun tana zaune: ƙofa ɗaya mai faɗi a guntun bangon da ke kallon hanya, babu taga a ƙasa saboda masu dogon hannu, sai ƙananan tagogin iska shida can sama ƙarƙashin kwano, uku a kowane dogon bango, da raga saboda tsuntsu da ɓera. Iska ta shiga nan ta fita can. Na zana irinsa sun fi goma da hannu.

Laraba, 28 ga Agusta

Na gama fulan da kaina. Kwana biyu, abin da ba ya wuce mini awa uku a allo. Tagogin iska ba sa fita a fulan, tunda fulan kamar an yanka gini ne daidai ƙirji an leƙa daga sama, su kuwa suna can sama da kai. Sai a zanen fuska za su fito, inda ake nuna bango yadda mutum zai gan shi in ya tsaya a gabansa. Na fara, na sa su duka shida.

Adiza ta ce tunda aka ba ni kwamfutar nan nake dawowa gida da fuska kamar wanda aka yi wa sata. Shekara talatin da aure, har yanzu ba ta iya ganin abu ta yi shiru.

Juma'a, 30 ga Agusta

Yau na ga abin mamaki, ko da yake ban nuna ba. Haula ta nuna mini ciko, abin da take ce wa hach. A bangon da ke da ƙofa ta gwada: ta danna nan ta danna can, sai ga bulo sun jeru daga ƙasa har sama a kan launin toka-toka, ƙofa tana tsaye a tsakiyarsu fes. Ni da nake cin rabin yini ina jera bulo ɗaya bayan ɗaya da rula!

Ta kuma nuna mini leya. Kamar fararen takardu ne masu nuna na ƙasa, an ɗora wata kan wata, kowace da abin da ke kanta. In ka kashe ɗaya, abin da ke kanta ya ɓace daga ido amma yana nan.

Bayan masallaci na yi na dogayen bangon biyu ni kaɗai. Na zaɓi layin gefen bangon duka, na danna. Kwamfuta ta tsaya cak tana ƙugi, ta kasa nuna mini komai. Na gaji da jira, na kashe leyar cikon, nan take ta sake. Na ci gaba da sa awo. Ban tambayi kowa ba, kuma na ji daɗin hakan.

Talata, 3 ga Satumba

Zane ya tafi. Maginin da matan suka ɗauka ya zo karɓa, Tahir, mutumin Sahuda. Zai yi shekara arba'in da biyar, ba shi da yawan magana. Hadari ya haɗo, mai a-kori-kura yana ta danna masa oda a waje, yana tsoron kada mayo, rafin da ke hanyarsu, ya kawo ruwa ya tare su.

Haula ta ce, "Baba, in duba kafin a buga?"

Na ce mata tun ba a haife ta ba nake sallamar zane. Ta ce to, ta koma kan aikinta.

Na kunna duk leyoyi, na tura firinta. Takarda uku. Na duba ta sama, fulan, komai daidai, na sa hannu a ƙasan kowace, na naɗe na miƙa masa. Na sake kashe cikon don kwamfutar ta huta.

Aikina na farko a na'ura. Na sayi tsire na kai gida.

Alhamis, 12 ga Satumba

Tahir ya bugo. Sun zuba tushe. Ruwa kullum.

Talata, 24 ga Satumba

Sun kai linta, daidai saman ƙofa. Ya kamata in je in gani, amma gwiwata ta tashi, motar Oga Justice kuma tana wurin makanike. Ɗaki ɗaya ne, me zai ɓace a ɗaki ɗaya?

Litinin, 7 ga Oktoba

Adda Ruth ta kira da hantsi. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba. An buga kwano, ta shiga, ta fito. "Injiniya, ka zo ka gani. Ɗakin nan ba ya numfashi fa."

Talata, 8 ga Oktoba

Na je Mugulbu a keke napep. Daga nesa ginin ya yi kyau, layin bulo a miƙe kamar an ja da zare. Ina shiga na ji kamar an tura ni tanda. Na ɗaga kai. Bango ya tafi sumul har ya haɗu da katakon rufi. Babu taga ko ɗaya.

Mata sun kai goma sha biyar a waje, wasu da fartanya a kafaɗa, daga gona suka biyo. Tahir na gefe da leburorinsa suna kwaɓa siminti.

Na ce, "Ina tagogin?"

Ya ce, "Wane taga, Oga?"

"Tagogin iska shida. Uku nan, uku can."

"Taga ba ya cikin takarda. Abin da na gani shi na gina."

Raina ya ɓaci, ga zafi, ga gwiwa, ga idon mata a kaina. Na ce ya ɗauko takardar. Ya ce tana gida, tunda aka kai rufi ya daina yawo da ita. Sai na faɗi abin da na faɗa. Bari in rubuta shi yadda yake: na ce in bai iya karanta zane ba ya faɗa, a samo wanda ya iya, ba a koyon gini da abincin mutane. Da ƙarfi na faɗa, a gaban leburorinsa.

Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Ya ce zai kawo takarda.

Wata daga cikin matan ta ce filasta da daɓe sai a nemi wani. Da yawa suka ce haka ne. Adda Ruth ta rako ni bakin hanya, ta ce saura mako uku su fara roron wake, ina za su zuba? Ta kuma ce kwamitin makarantar unguwa sun yi niyyar ba Tahir ginin aji biyu, amma yanzu da wannan labari, ba ta sani ba.

Na ce mata kada ta damu, laifin ba daga ofis ba ne.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na buɗe zanen tun kafin in zauna. Ga su nan, shida cif, kowace da awonta. Na nuna wa Oga Justice a sikirin. Ya girgiza kai ya ce magina sai Allah. Na ci abincin rana da daɗi.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Tahir ya zo wajen ƙarfe goma. Oga Justice ya tafi Yola, daga ni sai Haula. Ya yi sallama, ya ƙi zama. Ya warware takardun a kan teburina, ya danne gefe ɗaya da wayarsa, ɗaya gefen da hannunsa. Duk sun sha siminti, ga lissafin bulonsa da fensir a gefe. Na duba zanen dogon bango. Bulo daga ƙasa har sama. Na duba na bayan. Haka.

Na ce ba wannan na ba shi ba. Ya sa yatsa a ƙasan takardar, kan sa hannuna.

Na juyo masa da sikirin. Na ce ya ƙirga da kansa, ba shida ba ne? Ya sunkuya ya duba, ya duba takarda, ya sake duba sikirin. Na ga mutumin ya fara shakkar idonsa.

Haula ta taso ta tsaya a bayana. A hankali ta ce, "Baba, kunna leyar ciko."

Na kunna. Kwamfuta ta yi ƙuginta, ta yi, ta yi. Sai bulo suka bazu a bangon, launin toka ya haye kan tagogin ya shafe su. Abin da ke sikirin ya zama abin da ke takarda, babu bambanci ko na ɗigo.

Na saki linzamin.

Ta karɓi linzamin, ta taɓa cikon, ta zaɓi wani umarni na tura shi baya. Tagogin suka fito, layukan bulo na ratsa cikinsu. Ta ce suna nan tun farko, an rufe su ne. "Kwamfuta ba ta san taga ba, Baba. Abin da ka sa daga ƙarshe shi take ɗorawa a sama. Ka zana tagogi, ka zo ka zuba ciko a kan bangon duka, shi ya hau kansu."

Da hannu ba a yin wannan kuskure. In ka zo kan taga, hannunka da kansa yake tsallakewa. Shekara talatin da ɗaya hannuna yana yi mini wannan aikin ban taɓa sanin aiki ba ne.

Tahir ya naɗe takardunsa. Ya ce, "To, Oga. Ni dai na gani da idona ba hauka na yi ba." Ya fita.

Haula ta mayar da zanen yadda ta same shi, ta ce aikina ne, ni zan gyara in na shirya. Ba ta tuna mini da ranar da ta ce ta duba ba. Da ta tuna mini ma da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Oga Justice ya dawo. Ban faɗa masa ba. Haula ma ba ta faɗa ba, na lura.

Duk yini ina tara hujja. Na'urar ce ta tsufa. Shi ma Tahir, wane magini ne zai ga sito babu taga ya kasa tambaya? Ana iya fasa bangon a hankali a ce gyara ne, kowa ya manta. Duk gaskiya ne, kuma duk ba su wanke ni ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na gaya wa Adiza da safe, tana tankaɗe. Na jera mata hujjojina. Ta bari har na gama, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Malam, a gaban mata ka zubar masa da mutunci. A gaban matan za ka kwashe."

Na ce ba ta san aikin ofis ba. Ta ce ta san tankaɗe, ta san abin da ke wucewa da abin da ke tsayawa a rariya.

Da azahar na je gidan Oga Justice na faɗa masa komai. Na zaci zai yi faɗa. Ya shafa kai, ya ce shi ma ya ga sikirin ya yarda, bai nemi takarda ba. Ya ce akwai ragowar bulo mai huji daga wani aikinmu, da raga, in kwasa. Ya ce ko ya raka ni? Na ce a'a.

Na koma ofis na gyara zanen. Haula ba ta zuwa Asabar, sai na kira ta a waya, ta bi da ni mataki-mataki. Wannan ne karo na farko da ni na fara kiranta.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Matan suna taro ranar Lahadi da la'asar, bayan masu coci sun dawo sun huta. Na roƙi Adda Ruth ta aika a kira Tahir. Ta tambayi dalili, na ce ta bari sai na zo.

Sun jera benci a gaban siton. Tahir ya zo amma bai matso ba, ya tsaya can gindin wata ɗorawa, hannu a baya.

Na ɗaga takarda biyu, irin wadda na ba shi da wadda na gyara jiya. Na ce su duba da kyau. Wannan babu taga, ita na ba magini, ga sa hannuna. Wannan mai taga ita ya kamata in ba shi. Na ce ya gina abin da aka ba shi daidai, ko bulo ɗaya bai kauce ba. Ni na rufe tagogin da hannuna, kuma an ce a duba mini na ƙi. Na juya wajen ɗorawar na ce, "Malam Tahir, na ci mutuncinka a wurin nan, a wurin nan nake roƙonka ka yafe mini."

Sai wata tsohuwa ta ce ashe takarda ma tana haɗiye taga, aka yi 'yar dariya, wuri ya ɗan saki.

Tahir ya ce, "Ba komai." Irin ba komai ɗin da kowa ya san da komai.

Adda Ruth ta tashi. Ta ce filasta da daɓe na Tahir ne, wadda ke da ja ta faɗa yanzu. Babu wadda ta ja. Ta ce ita da kanta za ta je wurin kwamitin makaranta gobe. Da ta rako ni ta ce, "Useko, Injiniya, mun gode. Amma wake ba ya jiran yafiya. Yaushe za a fasa?"

Na ce gobe.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na zo da bulo mai huji a bayan keke tun sassafe. Na hau sikafol, katakon da magina ke takawa, na auna, na zana wurare shida da alli. Tahir na fasawa da guduma da kurfi, ni ina karɓar ɓaraguzai ina miƙawa ƙasa. Yini guda bai ce mini komai ba in ban da "riƙe" da "matsa". Biyu muka gama. Gwiwa ta kumbura.

Talata, 15 ga Oktoba

Biyu kuma. Da rana matan sun aiko da kunun gyaɗa. Ya zuba a kofi ya fara miƙo mini. Muna sha ya ce, ba ya kallona, "Ni ma da na tambaya. Na ga babu taga, na ce ko saboda ɓarawo ne. Na ji kunyar kiran babban mutum."

Na ce daga yau ya kira, ko a kan ƙusa ɗaya ne.

Laraba, 16 ga Oktoba

An gama shida, an ɗaura raga. Adda Ruth ta shiga ta sa aka tura ƙofa. Ta hau kan bulo biyu, ta ɗaga bakin gyalenta sama kusa da tagar. Gyalen ya motsa. Ta yi guɗa ita kaɗai a cikin sito, na waje suka amsa.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Na ce wa Haula ta zaunar da ni ta koya mini abin nan tun daga tushe. Ta jawo kujera kamar dama jira take.

Bari in rubuta kada in manta. Komai a zanen fuska yana da gaba da baya, kamar yadda yake a tsaye a fili, kuma ni zan gaya wa na'ura wane ne a gaban wane. Cikon bango shi ne can baya. Tura shi baya kaɗai ba ya isa, don taga in layi ce kawai babu ciki, bulo za su leƙo ta cikinta. Hanya biyu ce: ko tun wurin zuba ciko in nuna masa tagogin a matsayin iyaka ya zagaye su, ko in ba kowace taga farin ciko nata, ya zauna a gaban bulo, a bayan layukan tagar. Ta ce ta farko ta fi tsabta, ta biyu ta fi sauƙi in ana yawan matsar da taga. Bayan tagogi sai abin da ya fito daga bango, ginshiƙin baranda, bakin kwano. Awo da rubutu su ne a gaban kowa, kada komai ya hau kansu.

Kuma kafin a buga, a kunna komai, a jira na'ura ta gama nunawa ko za ta yi ƙugin awa ɗaya, a duba hoton abin da zai fita. In ya fita, a duba takarda. Kowace takarda.

Na ce ai wannan na ƙarshen na san shi tun tana goyo. Ta yi murmushi ta ce ta sani.

Laraba, 23 ga Oktoba

An kawo gida mai baranda, ginshiƙi huɗu, biyu sun tsaya a gaban tagogi. Na jawo ginshiƙan gaba, na tura bango baya, kowane ya zauna inda ya kamata. Mai gidan yana son a nuna mangwaron da ke ƙofarsa. Na sa bishiyar, ta rufe rabin ƙofa da awonta. Na jawo awon gaba, na rage duhun ganyen har ana hango ƙofar ta ciki. Da hannu da sai na goge na sake zanawa.

Na daɗe ina tura bishiyar baya ina jawo ta gaba ba don komai ba. Haula ta kama ni. Na ce gwaji nake yi.

Talata, 29 ga Oktoba

Waken farko ya shiga sito jiya. Adda Ruth ta aiko da ƙwarya guda ta hannun wani direba, da saƙon cewa ciki sanyi kamar randa. Na raba uku, Haula ta ƙi karɓa sai da na ce umarni ne.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Tahir ya samu aikin ajin. Ya bugo da kansa ya faɗa mini. Ya ce kwamiti sun tambaye shi wa zai zana, ya ba da sunana. Na ce bayan abin da ya faru? Ya ce, "Wanda ya riga ya faɗi a rami ya san inda rami yake, Oga." Har ya yi dariya. Ban taɓa jin dariyarsa ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Garbai ya biyo ta ofis. Tare muka koyi zane muna samari, allonmu ɗaya a kusa da ɗaya. Ya rame. Wata bakwai ba a kawo masa aiki ba, yanzu a shagon ƙaninsa yake zama a kasuwa yana auna yadi. Ya zauna ya dinga zagin kwamfuta, ta kashe sana'a, yaran yanzu ba su san nauyin fensir ba. Duk maganganuna ne, har yadda yake karkata baki.

Ban san lokacin da na juyo masa da sikirin ba. Na buɗe ajin Tahir, na zuba bulo, na bar su suka haɗiye tagogi a gabansa, na tura su baya, na sa farin ciko. Ya matso da kujera. Ya ce in sake. Na sake. Ya ce yatsunsa sun yi tauri, ba zai iya riƙe linzami ba. Na ce ya sassauta hannu kawai.

Na gaya masa ba wai son abin nake yi ba. Aiki ne ya zo da haka.

Da ya tafi na tambayi Haula ko za ta iya ɗaukar ɗalibi na biyu ranar Asabar. Ta ce, "Baba, ai kai za ka koya masa. Ni sai dai in leƙo." Na ce a'a, ban kai nan ba, wata biyu da rabi me aka yi.

Ɗalibi na biyu. Sai yanzu da na rubuta na lura da abin da na ce.

Kafin in tashi na share gefen teburina, na jawo wata kujera na ajiye kusa da tawa. Garbai ba ya son iskar fanka a wuyansa, don haka na sa ta ta ɓangaren bango.